Zakaran Hasumiyar Elmby Ya Sauko

Elmby, tsakiyar Afrilu, 1934

Zuwa ga 'yata Hester,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da majinyatanki na asibitin Winnipeg. Mu nan da sauƙi. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta, ita ke gaya mini za a yi ruwa tun gari bai haɗa hadari ba. Babanki yana ci, yana barci, jikinsa garau. Kan ne dai, kin san yadda kika bar shi, kuma bai ƙaru ba sai raguwa. Jiya Mama ya kira ni, ni da nake ƙanwarsa. Na amsa, yaya zan yi.

To ga labari: an yi wa cocinmu aski. A watan jiya wani dutse ya ɓalle daga tsinin hasumiya ya faɗo cikin maƙabarta, Allah ya taimaka ba ranar Lahadi ba ce. Aka kira magina daga birni. Shugabansu, wani gajere mai faɗin kafaɗa da ake kira Mista Tebbutt, ya hau ya sauko yana girgiza kai. Ya ce waɗanda suka ɗora hasumiyar nan shekara ɗari shida da suka wuce, zamanin da ulun tumaki ya azurta garin, aikinsu ba abin kushewa. Masu gyara na baya-bayan nan ne suka ɗaure duwatsun sama da ƙarfe tsirara, ƙarfen ya yi tsatsa ya kumbura, yana farfasa dutsen daga ciki. Na ja bakina na yi shiru, don kakanmu ne ya yi jigilar ƙarfen nan da amalankensa, kuma har ya mutu yana tunƙaho da haka.

Sun sauke zakaran tagullar da ke can ƙoli mai nuna inda iska ke kaɗawa, sun kwance tsinin dutse bayan dutse, har ƙasan tagogin sama. Abin da ya rage wani dungulmin abu ne kewaye da itatuwan hawa. Mutanen Gosby kuwa, garin da ke maƙwabtaka da mu, sun samu abin yi. A kasuwa wata ta tare ni tana tambaya ko mu ara musu tasu hasumiyar ranar Lahadi. Na ce mata tamu ko da askinta ta fi tasu tsawo, ta je ta auna.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Washegarin ranar da aka sauke zakaran, babanki ya fito tsakar gida kamar kullum don ya ga inda iska ta dosa. Ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo ya ce, "Dorcas, garin wa kika kawo ni?" Na yi dariya na ce garinku ne, Yaya, gyara ake yi. Ya ce in daina masa wasa, shi ya san garinsu. Na shiga duba burodi a murhu, ina fitowa na tarar ƙofar shinge a buɗe.

A Gosby aka same shi. Ya hango tasu hasumiyar a tsallaken fadama ya bi ta miƙe, ta cikin gonaki, ba ta hanya ba. Da ya isa gindinta ya ga kibiya ce a samanta ba zakara ba, sai ya zauna a bakin kabarin wani ya cire hula. Mai kai madara ya dawo mini da shi a bayan kekensa na doki. Tun daga nan ya sake yi, amma kada ki tayar da hankalinki, ina sa ido. Mista Tebbutt ya ce kafin sanyi za su gama.

Ki riƙa cin abinci. Hotonki na ƙarshe duk wuya ne.

Gwaggonki,
Dorcas Harpham

Winnipeg, ƙarshen Mayu

Gwaggo,

Na gaishe ki da kyau, ki gaishe mini da Baba ko da bai gane sunan ba. Ina lafiya, aiki ne dai ba ya ƙarewa. Kuma ina cin abinci, wuyan gado ne, ki duba naki a madubi.

Wasiƙarki ta daɗe a jirgin ruwa. Na karanta ta a tsaye, na yi dariyar askin, na zo kan Baba sai dariyar ta tsaya. Gwaggo, na san ki. In kika ce "ya sake yi", to ba sau ɗaya ba ne. In kika ce kada in tayar da hankalina, naki ya riga ya tashi.

Ni ban yi mamakin abin da ya same shi ba. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana bin garmar dawaki, kuma duk kunyar farko da zai ja sai ya saita ta da zakaran nan. Ina ƙarama yakan ɗora ni a kafaɗa a tsakiyar gona ya ce in na ɓata a fadama kada in yi kuka, in nemi hasumiya mai jerin tagogi uku da zakara a ka, in bi ta, gida ne. Ta Gosby jeri biyu gare ta da kibiya, wannan ta marasa kunya ce. Abin da ya koya mini shi yake bi, sai dai an ɗauke masa abin nema. Nan ma ƙasar a shimfiɗe take kamar tamu, amma ba abin da ya tsaya a cikinta sai rumbunan alkama. Har yau in na fito daga aiki idona yakan yi sama da kansa.

Abin da ke tsorata ni magudanan ruwa ne. Tsakaninmu da Gosby akwai manya, kuma shi ba gada yake nema ba. Don Allah ki riƙa kulle ƙofa. Ki yi magana da likita. Kuma ki rubuto mini gaskiya ba tare da kin yi mata kwalliya ba, kullum da irin su Baba nake wuni, ba abin da zai girgiza ni.

'Yarki,
Hester

Elmby, tsakiyar Yuni

Hester,

Muna gaisuwa. Gwiwa ba daɗi. Kin ce gaskiya kike so, ga ta.

Ranar Talata babanki ya faɗa babbar magudana, ruwa har ƙirji. Masu noman dankali suka ji motsi suka jawo shi da ƙugiya. Ko a jikinsa, cewa yake su sake shi, gida za shi. Na bi shawararki na kulle ƙofa. Hester, bai yi faɗa ba, da ya yi faɗa da ya fi mini. Tsayawa ya yi a bayanta da hularsa a hannu yana roƙona, wai baiwar Allah ki yi haƙuri ki buɗe mini, ƙanwata na jirana. Ni ce ƙanwar, ni ce kuma baiwar Allah mai makulli.

Likita ya zo. Ya ce akwai gidan da gunduma ke ajiye irinsu, mai katanga da masu tsaro. Amma wai sai da yardar 'yarsa, tunda ke ce jininsa mafi kusa. Ni 'yar'uwa ce kawai, duk da ni ke wanke masa ƙafa.

Ba na iya zuwa kasuwa, ba na iya shanya ba tare da ina waige ba. Na gaji, 'yar nan. Na gaji ƙwarai. Mai karɓar wasiƙa na bakin ƙofa, sai an jima.

Dorcas

Elmby, farkon Yuli

'Yata Hester,

Gaisuwa da fatan alheri. Waccan wasiƙar tawa ta baya ki sa ta a murhu, ranar ba ni da barci ne a ido. Yau da dariya nake rubutu.

Ranar Lahadi na ce ko ta halin ƙaƙa sai na je sujada, na riƙo hannun babanki muka tafi. A shirayin coci, nan inda bencin dutse yake, akwai wani abu a jingine an lulluɓe shi da buhu. Kafin in ankara ya janye buhun. Ashe zakaran ne, an ajiye shi yana jiran mai shafa masa ruwan zinariya. Ban taɓa ganinsa kusa ba. Ya kai girman akuya, duk ya yi kore, ga huji a wutsiya inda wani shaƙiyyi ya taɓa harbinsa.

Babanki ya durƙusa ya dube shi ido cikin ido ya ce, "Kai kuma me kake yi a ƙasa?"

Ya ƙi shiga ciki. Muka zauna a bencin har aka tashi, hannunsa a kan wutsiyar. Kuma sai ga magana tana zuba, irin wadda rabona da ji tun kina nan. Ya ba ni labarin wancan saukowar, lokacin gyaran kakanmu, yana yaro ni ko haihuwata ba a yi ba. Yadda aka kwantar da zakaran a fili aka jera yaran gari kowa ya tsallake shi, don in ya tsufa ya gaya wa jikokinsa ya taɓa tsallake abin da ya fi komai tsawo a Elmby. Ya lissafo mini yaran ɗaya-ɗaya, mutanen da yanzu duk suna kwance a bayan bangon da muka jingina. Mista Tebbutt na tsaye da kayan Lahadinsa yana ji.

Washegari sai ga shi da mutanensa da amalanke. Suka kafa dogon gungume daga itatuwan hawansu a bayan gidanmu, suka ɗora zakaran, har da man shafawa don ya riƙa juyawa. Rabaran ya biyo su yana haki, wai kayan coci ne, bai dace ya tsaya kusa da ɗakin alade ba. Na ce masa ranka ya daɗe, shekara da shekaru hankaki ke masa abin da suke masa a ka ba ka ce komai ba, aladena ko ya so ba zai kai can ba. Ya yi dariya har da tari, ya sha shayi ya tafi.

Tun ranar babanki bai taɓa ƙofar shinge ba. Da safe ya fito ya duba iska, ya gaya mini ko in yi shanya ko kada in yi, ya zauna a gindin gungumen yana gyaran ragamar dokin da ba mu da shi. Jiya na je kasuwa na dawo na same shi inda na bar shi. Har Dorcas ya kira ni.

Gwaggonki mai ƙaunarki

Winnipeg, farkon Yuli

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Wasiƙarki ta Yuni ta iso yau, na karanta na shiga ɗakin ajiye zannuwa na yi kuka na ƙoshi.

Tun da nake ban taɓa jin kin ce kin gaji ba. Ko lokacin jinyar Mama ba ki faɗa ba. Na gane abin da kike so ki ce bakinki ya kasa, kuma ba zan bari ki roƙe ni ba. Na rubuta wa likita na ba shi yardata, da wannan jirgin za ta tafi. Nauyin a kaina yake, ba a kanki ba. Kin yi abin da ni 'yarsa ban yi ba, na tsallake teku na bar miki shi.

Na san irin gidajen nan, ba zan yi miki ƙarya in ce suna da daɗi ba. Amma ba magudana a cikinsu. Ki haɗa masa rigarsa mai kauri da hular nan tasa. Ki huta, Gwaggo.

Hester

Elmby, farkon Agusta

Hester,

Lafiya lau muke, tunda sai an fara da haka.

Wa ya aike ki? Na ce na gaji, ban ce ki ɗauke mini shi ba. Mace ba za ta ce wa 'yarta ta gaji ba sai a turo mota? Kakarki kullum sai ta ce ta gaji da kakanki, kuma har kabari gefensa ta zaɓa.

Na san wasiƙunmu sun yi saɓani a teku, na san ba ki ga ta Yuli ba lokacin da kika rubuta. Na gaya wa kaina haka, amma raina bai ji ba. Likita ya zo da takardarki a aljihu, ya tarar da babanki a gindin gungume yana ɓare wake cikin natsuwa. Na ce ga shi nan, ka gani da idonka. Ya ce ya gani, amma zakara ba na gidanmu ba ne, magina na gamawa zai koma sama, daga nan fa? Ya ce an samu gado a gidan gundumar, kuma ba a samunsa kullum. Bayan girbi za su zo su ɗauke shi.

A can tagoginsu sama suke, Hester. Na tambaya. Ba abin da zai gani sai bango. Mutumin da ke tambayar garin wa aka kawo shi alhali yana tsakar gidan ubansa, me zai tambaya a can?

Ke kika ɗaura, ke za ki kwance. Ni ba a jin tawa.

Dorcas

Winnipeg, ƙarshen Agusta

Gwaggona,

Ina gaishe ki, in za ki amsa. Wasiƙunki biyu tare suka zo, ta dariya da ta faɗa. Ki yafe mini. Na karanta gajiyarki da idon ma'aikaciyar asibiti, ba da idon 'yar gida ba.

Na buga wa likita wayar tangaraho yau na ce ya dakata. Amma Gwaggo, dakata na ce, ban ce ya yaga takardar ba, kuma na san ranki zai sake ɓaci. Tambayarsa ita ce tawa. Zakaran zai koma sama da sabon zinariya, a kan sabon farin dutse. Idan Baba ya wayi gari ya ga gungume ba komai, ya ɗaga kai bai gane na saman ba fa? Lokacin ruwan sanyi ya cika magudanai, kuma ba masu noman dankali a gona.

Ga abin da na gaya wa likita. A jira ranar. In ya gane hasumiyarsa ya zauna, a ƙona takardar. In ya sake ɗaukar hanyar Gosby, ki bar shi ya tafi inda za a tsare shi. Na fi so in san yana kallon bango da in san an tsamo gawarsa a magudana.

Ban taɓa tsallake zakaran nan ba, kuma ba zai sake saukowa ina da ƙafar tsalle ba. Ki shafa mini wutsiyarsa.

Hester

Elmby, tsakiyar Oktoba

'Yata,

Gaisuwa mai tarin yawa. Muna lafiya, ban da idon sawuna na dama da ya kumbura, za ki ji dalili. Fushina ya wuce tun tuni, sharaɗinki kuma na karɓa, don na san gaskiya kika faɗa ko da ban so ba.

Mista Tebbutt bai bari an kai zakaran birni ba. Ya kawo mai shafa zinariyar har bayan gidanmu, mutumin ya yi aikinsa babanki na tsaye a kansa yana gyara masa. Da aka gama ya zagaya shi ya taɓe baki, ya ce an sa masa kayan angwanci.

Ranar Asabar aka kwantar da shi a filin gaban coci. Gari duka ya fito, har 'yan Gosby sun zo kallo suna yi kamar hanya ce ta biyo da su. Yara suka yi layi suna tsallakewa ana tafi. Da suka ƙare sai babanki ya zare hannunsa daga nawa ya je ya tsaya inda layin yake. Mista Tebbutt ya kama shi ta dama, Rabaran ta hagu, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya haye, ya jawo ɗayar. Sannan ya waiwaya yana duba fuskokin yaran, ya ce, "Ina Hester? Ta yi nata?"

Rabona da jin sunanki a bakinsa tun bara. Na ce tana nesa, Yaya. Ya ce to wani ya yi mata mana, ba a barin yaro. Sai na tattare siket ɗina a gaban duk Elmby da rabin Gosby, da gwiwata da shekaruna, na yi tsalle. Na tsallake, ki sani, saukar ce ba ta yi kyau ba. Kin tsallake zakaran Elmby, ki gaya wa duk wanda ya tambaya.

Da yamma suka ja shi sama da igiya. Babanki bai kalla ba, ya gaji, yana gyangyaɗi a kujera.

Lahadi da safe ya fito tsakar gida. Ina bakin taga, hannuna a cikin ƙullin burodi. Ya dubi gungumen, ba komai a kai. Ya ɗaga kai wajen coci, amma kin san daga gidanmu itatuwan maƙabarta sun tare rabi. Ya tsaya jim, ya sa hularsa, ya buɗe ƙofar shinge.

Ban kira shi ba, na yi miki alkawari. Na bi shi a baya ina ɗingishi, da gari a hannuna. Ya wuce gidan maƙeri, ya wuce gada, ya ɗauki hanyar Gosby. Ina tafe ina kuka, ina lissafin rigunan da zan haɗa masa. Tasu hasumiyar na can gabansa tsaye, shi kuma bai ko waiwaya ba.

A bakin tsohuwar gonar da ya saba nomewa ya sauka daga hanya. Ya shiga har tsakiya, daf da magudana, ya tsaya. Sannan ya juya ya ba Gosby baya. Ya miƙa hannu, ya rufe ido ɗaya, ya ɗaga babban yatsa kamar zai ja kunyar farko. Na juya ni ma. Ga hasumiyarmu nan, Hester, da tagoginta jeri uku, sabon dutsen fari fat a sama, rana ta bugi zakaran yana walƙiya.

Ya daɗe a haka. Da ya sauke hannu sai ya gan ni, ya ce, "Dorcas, me kike yi a nan da gari a hannu?" Na ce kai me kake yi. Ya ce ya zo ya ga ko sun ɗora ta daidai ne, ai ba a ganin hasumiya daga gindinta. Wai ta ɗan karkata hagu, amma ta yi. Ya dubi ƙafata ya yi tsaki, ya ba ni kafaɗarsa na dafa, shi ya kawo ni gida.

Likita ya zo ya ji, ya sa takardarki a murhuna da hannunsa. Ba zan ce miki babanki ya warke ba, daren jiya ma Mama ya kira ni. Kullum da safe yakan fita zuwa gonar nan ya duba ya dawo, ni kuma ina biye da shi daga nesa, kuma zan gaji, kuma zan rubuto miki in ce na gaji. In kin karanta ki ce sannu kawai.

Na ce wa magina su zo su cire gungumensu, babanki ya hana. Ya ce a bar shi nan, yarinyar ta daɗe ba ta zo ba, kada ta wuce gidan.

Gwaggonki,
Dorcas